Baba ya daina magana amma yana amsa waƙa: yaya masu jinya da kiɗa ke bi da irinsa?

Ɗiyar Baba, Daura

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu shekararsa 72, wata 4 ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ƙafar ta fara dawowa, yana takawa da sanda in an riƙe shi, amma magana ta ɗauke. Yana gane duk abin da aka ce mashi. In an ce ya ɗaga hannu zai ɗaga, in an yi abin dariya zai murmusa, amma in zai yi magana "to, to" kawai ke fita, har ransa ya ɓaci ya juya fuska bango.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, in yara na rera Ishiriniya a tsakar gida sai mu ji yana bin su daga ɗaki, kalmomin na fita tar. Haka in an sa tsoffin waƙoƙi a rediyo, yana karɓar amshin. Da an gama kuma, shi ke nan, an koma "to, to".

Wata nas ta ce mana a wasu ƙasashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, jinyar marasa lafiya da kiɗa da waƙa. Don Allah masu sani ku yi mani bayani. Kunna wa mutum waƙa kawai suke yi, ko akwai abin da ya wuce haka? Yaya suke gane abin da ke ran mutumin da ba ya iya faɗi, kuma yaya suke zama da shi? Sannan a cikin aikin nasu, wanne za mu iya ɗauka a gida ba tare da mun cutar da shi ba?

Malam na Ƙofar Soro

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya ba ku ladan jinya.

Kunna wa mara lafiya waƙa a waya a fita a bar shi, wannan kowa na iya yi, kuma yana da nasa amfanin, amma ba shi ne aikin mutanen nan ba. Sana'a ce da ake karanta a jami'a, a haɗa kiɗa da ilimin ƙwaƙwalwa da na halayyar ɗan Adam, sannan a yi watanni ana koyon aiki a asibiti a ƙarƙashin wani babba. Ta kafu ne a Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da likitoci suka lura da yadda sojojin da ke kwance ke samun sauƙi in makaɗa sun zo asibiti. Jami'ar Jihar Mishigan ce ta fara ba da digirinta a 1944. A nahiyarmu kuwa, Jami'ar Firitoriya da ke Afirka ta Kudu tana koyar da ita a matakin digiri na biyu tun 1999.

Kin tambayi yadda suke gane abin da ke ran wanda ba ya magana. Da kunne da ido suke ganewa. A zaman farko ƙwararren ba ya fara da waƙar da ya shiryo. Zai zauna daidai da majinyacin, in a tabarma yake shi ma ya sauko tabarma, ya gaishe shi gaisuwar manya, sannan ya ɗauki minti biyu ko uku yana lura. Numfashi sau nawa a minti (babban mutum a natse yana yin 12 zuwa 20), gajere ne ko mai zurfi, ina ido ke zuwa, wane yatsa ke motsi a kan gwiwa, kafaɗa a ɗage take ko a sake.

Ɗauki "to, to" ɗin da kika ambata. Mutanen gida na jinsa a matsayin ɗan abin da ciwo ya rage. Shi kuwa ƙwararren zai kasa kunne ga muryar kanta: a sama take ko a ƙasa, Baba ya ja ta ko ya datse ta, wace tazara ke tsakanin "to" na farko da na biyu. Sai ya mayar mashi da ita yadda ta fito, a rere, wataƙila ya taɓa bayan ƙwarya sau biyu a kan wannan tazarar. Daga nan ya yi shiru ya jira, daƙiƙa 5, daƙiƙa 10. In Baba ya sake, ko ya ɗago ido, ko ya ƙara wa sautin tsawo, to zance ya ƙullu tsakaninsu ba da kalma ba. A waƙarmu mawaƙi ke ja, 'yan amshi su karɓa. A ɗakin jinya ƙwararren ne ɗan amshi, majinyaci ne ke ja, ko da abin da ya jawo nishi ne kawai.

Dalilin wannan a fili yake. Mutumin da ya yi wata 4 a kwance komai yi mashi ake yi. A ɗaga shi, a kwantar da shi, a ba shi magani, a yi hira a kansa yana ji kamar ba ya nan. Ranar da ya ga ya yi abu kaɗan, wani babban mutum ya sauya abin da yake yi saboda shi, ranar zai fara yarda cewa har yanzu ana jinsa. Daga wannan yardar ake samun ƙoƙari, kuma in babu ƙoƙarin majinyaci babu atisayen da zai yi aiki.

Akwai wata ƙa'ida da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Ira Altshuler ya bayyana a shekarun 1940: a fara daga halin da mutum yake ciki, sannan a janyo shi sannu a hankali. Wanda ransa ke ɓace, yana numfashi sama-sama, in aka sa mashi sanyayyar waƙa ji zai yi an yi biris da fushinsa. Sai a fara da bugu mai sauri daidai da nasa, a riƙe shi minti ɗaya ko biyu har a ga jikinsa ya bi, sannan a riƙa rage saurin kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi lakwas ba ya kula kowa kuwa, daga ƙasa ake same shi, da murya a hankali, kafin a ɗaga.

Su kansu ƙwararrun ba da ido ɗaya suke kallon majinyaci ba. Masu bin tafarkin Paul Nordoff da Clive Robbins, waɗanda suka fara aiki tare da yara masu nakasa a Ingila a 1959, suna ganin a cikin kowane mutum akwai ɓangaren da ciwo bai taɓa ba, wanda ke amsa kiɗa, kuma da wannan ɓangaren suke hulɗa. Wasu sun fi duba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suna auna taku da furuci. Wasu kuma abin da ya dame su shi ne baƙin cikin da mutum ya kasa furtawa. A ganina Baba yana buƙatar dukkan ukun, amma na farkon ne ƙofa.

Zaman kansa yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Ana buɗewa da waƙar gaisuwa guda wadda ba ta sauyawa, a rufe da ta sallama wadda ita ma ba ta sauyawa, domin wanda ya rasa magana yana samun natsuwa in ya san abin da ke tafe. Bayan an tashi, ƙwararren zai rubuta abin da ya gani, har da abin da shi kansa ya ji a ransa. In ya lura yana ta cika ɗakin da kiɗa, ya kasa barin shiru, zai tambayi kansa ko shirun majinyacin ne ya kasa ɗauka. Irin wannan yake kai wa babban da ke duba aikinsa. Ku ma ku kula da shi, domin 'ya'ya sun fi kowa saurin ƙarasa wa mahaifi kalma saboda tausayi, kuma wannan tausayin ne ke hana shi damar nemo ta da kansa.

Malama ta Ƙofar Ƙaura

Sannu da jinya 'yar'uwa. Malam ya yi bayanin zama da majinyaci, ni zan shiga abin da ya shafi maganar kanta.

Abin da kika gani sananne ne. Tun ƙarni na 18 aka rubuta labarin wani mutum a Suwidin da ba ya iya faɗin komai sai kalma ɗaya, amma yana rera waƙoƙin ibadarsu da ya haddace. Shanyewar dama na nuna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma a yawancin mutane can ne ake ƙera sabuwar magana. Abin da aka haddace da karinsa tun ƙuruciya, irin baitoci, ƙirga, da addu'o'in yau da kullum, yana da wasu hanyoyin da ke ratsa ɓangarorin biyu, shi ya sa yake tsira. Amma a kula: rera abin da aka haddace ba ya komawa magana da kansa. Mutum na iya rera baiti 20 ya kasa cewa a ba shi ruwa. Gada ake ginawa daga wannan zuwa wancan.

Hanyar da aka fi sani an fito da ita a birnin Boston na Amurka a 1973. Ta fi dacewa da wanda fahimtarsa ke nan amma furuci ya tsaya, wato kamar yadda kika kwatanta Baba. Ga yadda take.

A zaɓi gajerun jimloli da yake buƙata, masu gaɓa 2 zuwa 4. "Sannu." "Na gode." "Ba ni ruwa." Sunan Hajiya, sunayen jikoki. Kada su wuce 5 a mako na farko. Kowace jimla a ɗora ta a kan murya biyu kawai, ta sama da ta ƙasa, gaɓa ɗaya a daƙiƙa ɗaya. A nan Hausa ta sauƙaƙa mana, tunda dama da hawa da sauka muke magana, shi ya sa ma kalangu ke iya faɗin suna. Ki bi karin da kalmar ke da shi a baki: "sannu" ƙasa ce sannan sama, "na gode" sama, sama, ƙasa. In kika ɗora jimla a kan karin wata waƙa har hawa da saukarta suka juye, zai koyi abin da ba za a gane ba in ya faɗa, ko kuma bakinsa ya zame ya koma kalmomin waƙar ta asali. Don haka ba a amfani da karin waƙar da ya sani a wannan atisayen.

Ki zauna gabansa ya ga bakinki, ki ɗan karkata ta hagunsa, domin wasu masu shanyewar dama ba sa gani sosai ta gefen dama. Ki riƙe hannunsa na hagu, mai lafiyar, ki riƙa taɓa shi a kan gwiwarsa sau ɗaya ga kowace gaɓa. Da farko ki yi karin da baki a rufe sau biyu, yana saurare. Sai ki rera jimlar sau biyu. Sai ku rera tare. In wannan ya zauna, ku fara tare, ki janye muryarki a tsakiya ya ƙarasa shi kaɗai, hannu na ci gaba da taɓawa. Mataki na gaba, ki rera ki yi shiru, ya maimaita. Na ƙarshe, ki yi tambaya: "Baba, me za ka ce?" ya amsa da jimlar. In ya kasa a wani mataki sau uku ko huɗu, ki koma na baya, ko ki bar jimlar ki ɗauki wata. Ba a cewa "ba haka ba ne". Bayan makonni, in jimlolin sun zauna, ana ƙara jinkirin daƙiƙa 6 kafin ya maimaita, sannan a riƙa rage rerawar har ta koma magana sak.

Abin yana cin lokaci. A wani bincike da aka yi a Boston, majinyata sun yi zama 75 na awa ɗaya da rabi, kwana 5 a mako. Dattijo a gida ba zai ɗauki haka ba. Minti 15 zuwa 20, sau biyu a rana, da hantsi bayan ya karya ya huta, da kuma bayan La'asar, ya fi awa guda a ranar Juma'a kawai. Ba a yi da abinci ko goro a baki, saboda masu wannan ciwo da yawa suna da matsalar haɗiya, ƙwarewa na iya kai abu huhu.

Sauraro zalla ma kada ku raina shi. A Helsinki ta ƙasar Finland, a binciken da aka wallafa a 2008 kan mutum 60 da ciwon bai daɗe da kama su ba, waɗanda suka riƙa sauraron waƙoƙin da suka zaɓa da kansu kamar awa ɗaya a rana na wata biyu sun fi sauran farfaɗowa wajen riƙe kalmomi da tattara hankali. Waƙar da mutum ya zaɓa, ba wadda aka zaɓar mashi ba.

Game da tafiya, ana amfani da bugu a daidaita taku, amma wannan sai masu gashi, wato ma'aikatan asibiti masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, sun amince. Ku tambaya a sashen gashi in kun je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko inda kuke zuwa. Yadda ake yi: a ƙirga takunsa a minti ɗaya yana tafiyarsa ta kullum. In 60 ne, a tafa mashi ko a saita manhajar bugu a waya a kan 60 daidai, ba fiye ba. Sai ƙafarsa ta saba sauka a kan bugun, sannan a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato 63 zuwa 66. A kwashe tabarma da buta da takalma daga hanya, mutum ɗaya ya tsaya ta gefen da ya shanye, ya riƙe ƙugu, kada ya ja hannun, domin kafaɗar da ta saki tana saurin gocewa.

Ɗiyar Baba, Daura

Na gode ƙwarai Malam da Malama, Allah ya saka da alheri. Akwai abu biyu da suka rage mani. Na ɗaya, Baba mutum ne mai riƙo da addini, yayanmu kuma ya ce ba za a shigo da kayan kiɗa gidan ba. Na biyu, da ya ga ɗayanmu ya shigo ɗakin sai ya yi shiru ya daina rerawa. Wani lokacin kuma yana tsakiyar baiti sai hawaye. In haka ta faru mu tsaya ne ko mu ci gaba?

Ɗan Ƙofar Marusa

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Maganar yayanku ba ta rushe komai ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma nan ba wurin fatawa ba ne. A tarihin Musulmi akwai asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya, aka gama shi a 1488, inda ake jinyar masu taɓin hankali da kiɗa da ƙarar ruwa, akwai kuma malaman da ba su yarda da haka ba. Abin da ya shafe mu shi ne ƙa'idar aikin: ƙwararren kirki ba ya kawo wa majinyaci abin da zuciyarsa ke ƙi, ko da ba zai iya buɗe baki ya hana ba. Wanda ba ya iya cewa a'a shi ya fi cancanta a kiyaye mashi a'arsa. Duk abin da Malama ta lissafa da murya da tafin hannu ake yinsa. Abu ɗaya zan ƙara: a bar karatun Alƙur'ani a matsayinsa na ibada. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ku saurara, amma kada a riƙa datse aya ana maimaitawa da taɓa gwiwa don atisaye. Baitocin yabo da waƙoƙin wa'azi da ya sani sun isa.

Shirun da yake yi in kun shigo kunya ce da girma. Uba ba ya son 'ya'yansa su ga yana lalube a kan kalmar da yaro ɗan shekara 3 ke faɗi, balle surukai. Mai wannan aiki yakan tambayi iyali tun farko: da wa yake sakewa? A gidan Bahaushe amsar sau da yawa jika ce, saboda wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ɗauke nauyin. Jika mai shekara 12 zuwa 15, mai haƙuri, za a iya koya mashi matakan nan. In babu, a nemi amininsa na majalisa ko abokin wasansa. Ku kuma ku zauna a bakin ƙofa inda ba zai gan ku ba. Kada a yi mashi tafi da "yawwa, ka iya!" kamar ɗan makaranta. "Madalla, Baba" da muryar da aka saba yi mashi magana ta wadatar. Kuma kada a ɗauke shi bidiyo a tura wa dangi sai an tambaye shi ya nuna amincewa da kai ko da hannu.

Wajen zaɓen abin da zai ji, abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 da 30 shi ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Ga Baba, shekarun 1960 da 1970 ke nan, zamanin da muryar Shata ke ko'ina a rediyo. Ku tambayi Hajiya da sa'o'insa, ku rubuta guda 10, ku gwada ɗaya-ɗaya kuna kallon fuskarsa. Sana'arsa ma a duba, domin kusan kowace tana da nata: manomi da gangar noma, mahauci da kalangu, gidan sarauta da algaita da tambari. A yi hattara da garaya da goge, tunda dattawa da yawa na haɗa su da bori, jinsu na iya tayar da hankali. Haka kirarinsa na ƙuruciya: wani in ya ji sai ya miƙe zaune, wani kuma sai ya tuna ƙarfin da ya tafi.

Hawayen kuma iri uku ne, kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai na baƙin ciki ko kewa: yana kuka amma bai juya fuska ba, hannunsa na nan a naki, bakinsa ma na iya ci gaba da motsi. Wannan ba a katse shi. A rage murya, a ci gaba a hankali, a bar shi ya sauke, kada a yi saurin cewa "daina kuka". Akwai wanda ciwon ke kawowa, kuka ko dariya da ke ɓarkewa kwatsam ba tare da dalili ba, shi kansa yana jin kunyarsa. A nan a tsaya, a ce ya ja numfashi a hankali, a sauya zance ko zama, yakan wuce cikin ɗan lokaci, kuma a gaya wa likita tunda akwai magani. Na uku na gajiya ne: ya haɗe gira, ya kau da kai, numfashi ya ƙaru. Wannan cewa yake ya isa. A yi waƙar sallama a tashi, ko da minti 5 kawai aka yi.

Nas ɗin Dare

Sannunku. Ina tare da abin da aka faɗa, sai dai ina so in ja wa Malam na Ƙofar Soro birki kaɗan a kan bin majinyaci. Bin nasa na farko ne. In aka yi wata biyu ana bi ba a taɓa cewa ga inda aka nufa ba, zaman zai yi daɗi amma magana ba za ta ƙaru ba. Ƙwararru na sa manufa da za a iya aunawa, misali nan da mako 4 ya nemi ruwa da bakinsa sau 3 cikin 5, sannan su duba ko an kai. Ku sayi ƙaramin littafi. Kowace rana ku rubuta lokaci, minti nawa aka yi, wace jimla, a wane mataki ya tsaya, da yadda aka tashi. Wannan littafin za ku nuna wa likita da masu gashi, ya fi "yana samun sauƙi" amfani nesa ba kusa ba.

Sannan kada a ɗora wa kiɗa abin da ba zai iya ba. Wajen daidaita tafiyar masu shanyewa da masu ciwon karkarwa na Fakinsin, shaidar na da ƙarfi. A wasu wuraren ba haka ba. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, kan yara 364 masu lalurar otizim (wadda ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane) a ƙasashe 9, bai samu bambanci a tsananin alamomin ba tsakanin waɗanda aka yi wa jinyar kiɗa da waɗanda ba a yi wa ba. Don haka duk wanda ya zo ya ce zai dawo da maganar Baba cikin kwana kaza, ko ya ce a ajiye maganin hawan jini, ku sallame shi. Wanda ya ce shi ƙwararre ne a wannan fanni, ku tambaye shi jami'ar da ya karanta, da wanda ke duba aikinsa, da ko zai yarda ya yi magana da likitan Baba.

A duba kunnensa ma. Mai shekara 72 na iya samun raunin ji ko toshewar dauɗa, ku ɗauka ƙin kulawa ne. Kada a toshe mashi kunne da abin sauraro na waya, tunda ba zai iya cewa ya yi ƙara ba. Rediyo ko waya a ajiye kamar taku biyu daga gare shi, a ƙarar da za ku iya hira a kanta ba tare da ɗaga murya ba, kuma a kashe bayan awa ɗaya. Barinta tana yi tun safe har dare na sa kunne ya daina kula ta. Wasu kuma bayan wannan ciwo waƙar da suke so takan koma masu hayaniya, in kun ga yana yamutsa fuska ga abin da yake ƙauna a da, ku bar shi.

Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki na kamuwa da ciwon damuwa. In ya kai mako biyu yana ƙin abinci, ba ya barci, ya daina amsa ko Ishiriniyar, ku gaya wa likita, waƙa ba za ta maye gurbin magani ba. In kuwa ana cikin zama kuka ga baki ya ƙara karkacewa, ko hannun hagu ya saki, ko ya daina gane magana, ko jijjiga ta kama shi, ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, ku wuce asibiti nan take.